Manjagara da Shekarar Ruwan Gishiri

Duk wanda ya saba bin hanyar bakin kogi da safe ya san Manjagara, ko da bai taɓa jin sunansa na gaskiya ba. Dogo ne, siriri, mai ɗan ranƙwafawa a kafaɗa, kullum yana tsaye a kan dandamalin siminti na gidan ruwa, riƙe da manjagara wadda ƙotarta ta ninka shi tsawo. Daga ita sunan ya fito, ya bi shi har gida, har matarsa ma in ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Aikinsa ba mai wuyar bayani ba ne. Injinan gidan ruwa suna zuƙo ruwan kogi ta wani ƙaton bututu, su tura shi tankunan tacewa, daga nan ya bi famfunan gari. A bakin bututun akwai ragar ƙarfe mai tare shara. In ragar ta toshe, inji ya fara tari, famfo ya ɗauke, mutanen gari su fara zagin waɗanda ba su taɓa gani ba. Manjagara shi ne mai tsefe ragar nan. Ya zura, ya ja, ya zube a baro, ya tura bayan katanga, ya dawo ya sake zurawa.

A bakin kogin aka haife shi. Mahaifinsu mai fito ne, a cikin kwalekwalensa shi da wansa suka koyi zama kafin su koyi tafiya. Wan ya zama masunci, ya ƙware har ana kwatance da shi. Shi kuwa ƙanin bai iya haƙurin jiran kifi ba, yau a samu gobe a rasa, don haka da aka buɗe gidan ruwa ana ɗaukar leburori sai ya shiga layi. Tun daga ranar wan ya samu abin tsokana. Ko a gaban wa yakan ce su biyu duk masunta ne, bambancin kawai shi yana kama kifi, ƙaninsa yana kama takalma.

Kuma da gaske ya kama takalma, warin silifas ba iyaka. Ya kama leda da robobi, kujera mai ƙafa uku, mushen akuya, 'yar tsana babu kai. Ya sha tsamo kififiya ya mayar da ita can gefe, ya taɓa janyo ɗan kada ya saki manjagarar ya ruga a guje, abin da har yau yake musantawa. Da sharar nan ya san kogin. In ya ga kara da busasshen ganye ya san an yi ruwa a sama. In kainuwa ta yi yawa ya san fadamu sun cika sun tumbatsa. In ragar ta wuni fes, rani ya kankama.

Matarsa tela ce, kekenta na bakin taga, a bayan ɗaki kuma tana da ɗan lambu na tumatir da alayyafo da bishiyar lemo guda, tana ba su ruwan famfo da bokiti. 'Ya'yansu duk sun watse neman abinci, sai babbar kaɗai ta rage a garin, ma'aikaciyar jinya ce a asibiti. Haka rayuwarsa ta tafi har furfura ta cika masa gemu. Ya san kogin yana ƙarewa a teku, kamar yadda kowa ya sani, amma bai taɓa zuwa ba. Tsakaninsu da can duk fadama ce da kurmi, babu hanyar mota, shi kuma bai ajiye komai a can ba balle ya je ɗauka.

Sai ga wata shekara da damina ta yi rowa a ƙasashen da kogin ke tasowa, bayan wadda ta gabace ta ma ba ta yi abin kirki ba. Kogin ya rame. Yashi ya fito tsibi-tsibi a tsakiya, matakalar dandamalin ta bayyana har ƙasa, Manjagara ya ga matakai masu gansakuka da bai san da su ba duk tsawon aikinsa. Wannan bai dame shi ba, ya ga rani iri-iri.

Wata safiya wata jarka rawaya mai tsagaggen baki ta wuce ta gabansa, ta yi ƙasa kamar yadda komai ke yi. Ya bi ta da ido don ta yi nisa da manjagararsa. Da hantsi ya ɗago kai, sai ga jarkar nan tana dawowa. Ita ce, da tsagarta. Tana tafe a hankali, tana yin sama. Ya duba bishiyoyi, ko ganye ba ya motsi. Ya ɗauki guntun kara ya jefa, karan ya ɗan yi jim, sannan ya bi jarkar.

Ya nemi bakin baro ya zauna. Tun yana goye ya san ruwan nan daga hagu yake zuwa ya tafi dama. A kan haka ubansu ya koya musu karkata kwalekwale, a kan haka aka kafa ragar, a kan haka shi kansa kafaɗarsa ta ranƙwafa. Ya tashi ya shiga ɗakin inji ya gaya wa mai kula da injin. Mutumin ya yi dariya ya ce ya je ya karya kumallo tukuna. Manjagara ya kamo hannunsa ya jawo shi waje. Suka tsaya su biyu suna kallon kumfa da ganye suna hawa kogi. Bayan azahar ruwan ya tsaya cik, ya sake juyawa ya kama hanyarsa ta da. Kashegari ya sake, jibi ma haka, kullum lokacin yana ɗan matsawa gaba.

A gida kuma wata rigimar ce ta tashi. Matarsa ta kurɓi shayin safe ta ce ya zuba gishiri a gwangwanin sukari, ya rantse bai taɓa gwangwanin ba, ta ce ai dama mai laifi da rantsuwa yake fara magana. Ta zubar da shayin ta dafa wani, shi ma haka. Sannan ta tuna tun shekaranjiya sabulu ya ƙi yin kumfa, kuma yadin da ta jiƙa ya bushe da farin zane a jikinsa. Ta tari ruwan famfo a tafin hannu ta kurɓa, ta tofar, ta juyo ta dube shi.

“Malam, me kuke zuba wa ruwan nan a wurin aikinku?”

Ya ce babu abin da suka ƙara. Amma ya sha jinin jikinsa, ya ajiye kofin bai ƙarasa ba.

Ba a yi mako ba inji ya fara tari alhali babu shara a saman ruwa. Manjagara ya zura ya ja, ya ji nauyi. Abin da ya hauro bai taɓa ganin irinsa ba. Wasu halittu ne kamar faifai, garai-garai kamar leda cike da ruwa, ana hango simintin ta cikinsu, da zare-zare masu laushi a ƙarƙashi. Babu ido, babu baki, babu ƙashi, amma suna motsi, suna buɗewa suna tsukewa. Ragar ta cika da su maƙil. Ya ɗauka wata sabuwar shara ce daga wata masana'anta, ya sa hannu ya ɗago ɗaya don ya nuna wa mai inji. Sai ya ji kamar an zuba masa tafasasshen mai daga yatsu har gwiwar hannu. Ya yar, ya durƙusa yana salati. Kafin a kai shi asibiti hannun ya yi jajayen layuka kamar an zane shi da bulala.

'Yarsa ce ta wanke hannun ta shafa magani. Tana naɗewa tana faɗa, wai mutum da furfurarsa ya ga abin da bai sani ba ya kai hannu kamar ɗan yaye. Da ta gama ta rage murya ta gaya masa asibitin ya cika da masu hawan jini da yara masu gudawa, kuma likitoci sun hana a ba marasa lafiya ruwan famfo. Ta ce daga yau kada shi da Mama su ƙara sha, za ta aiko musu da na tanka.

Hukumar ruwa ta turo injiniya daga babban ofis, wata mata mai gilashi, ba ta cika magana ba. Ta zo da na'ura mai doguwar waya, ta hau dandamali, ta roƙi Manjagara ya ɗaura kan wayar a ƙotar manjagararsa ya riƙa saukarwa a hankali. A saman ruwa lambobin suka ɗan motsa. Da ya saukar zuwa tsakiya suka hau. Da ya kai ƙasa, daidai bakin bututu, sai matar ta cire gilashinta ta goge ta mayar, ta ce ya ɗago ya sake. Ya sake. Ta daɗe tana kallon na'urar.

“Baba,” ta ce, “teku ne a ƙarƙashin ƙafarka.”

Ya ce teku kuma, ai teku na can nesa. Ta zauna a kan matakala ta yi masa bayani kamar ita ma kanta take yi wa. Ta ce ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi nauyi, shi ya sa yake rarrafowa ta ƙasa. Kullum teku yana cika yana janyewa, kullum yana neman hawa kogi, ƙarfin kogin ne ke tura shi baya. Bana kogin ba shi da ƙarfin. Halittun da suka ƙone masa hannu 'yan teku ne, ruwansu suka biyo. Ta ce ta karanta wannan a makaranta, ta ga hotunansa, amma ba ta taɓa zaton za ta gan shi a nan ba, nesa haka da gaɓa. Ta tashi ta naɗe wayar.

Aka koma kunna inji sai lokacin da ruwa ke sauka, daga baya ma aka kashe gaba ɗaya. Motocin tanka suka fara shigowa gari, layin jarkoki ya miƙe a kowane lungu. Lambun matar Manjagara ya ƙone kamar an bi shi da wuta, alayyafo ya fara, tumatir ya biyo, bishiyar lemon ta zubar da ganye da 'ya'ya ɗanyu. Matar ta tsaya a kanta da bokiti a hannu ta rasa abin zubawa.

Ko da babu inji, Manjagara bai fasa zuwa aiki ba. A can ya ga abin da ya fi komai tayar masa da hankali. Kifin kogi ya fara mutuwa. Karfasa da kurungu da ragon ruwa suka taso ciki sama, suka jeru a gaɓa fari fat har inda ido ya ƙare. Manyan tarwaɗa, waɗanda ko a taɓo suna rayuwa, suka riƙa fitowa gefe suna haki. Kawa, 'yar halittar nan mai ɓawo biyu, ta buɗe baki a kan yashi ta ruɓe. Kwaɗin da ke hana mutane barci suka yi tsit, ciyawar bakin ruwa ta yi ja. Wari ya hana mata wanki, ya hana kowa zama a inuwar bakin kogi. Da manjagararsa ya riƙa jan gawar kifi yana cika baro, yana kaiwa rami, yana dawowa ya tarar wasu sun maye gurbinsu.

Wansa ya zo ya same shi a nan wata rana da rana tsaka, ya ajiye kwando a gabansa bai yi sallama ba. A ciki akwai wani kifi shimfiɗaɗɗe kamar tafin takalmi, gefe ɗaya fari, gefe ɗaya ruwan ƙasa, idanunsa biyu duk a gefe guda, bakinsa a karkace. Tsohon ya ce tun yana yaro yake jefa taru a ruwan nan, babu kifin da bai san sunansa da na kakansa ba, amma wannan ko a mafarki. Ya kai kasuwa mata sun watse, wata ta ce kifin aljanu ne. Manjagara ya ce injiniya ta ce irinsu na teku ne, kuma ana ci. Wan ya ce to ita ta ci. Sannan ya ce yau dai ga shi shi ma ya kama takalmi. Suka so su yi dariya, ba ta fito ba.

Wan nan mutum ne mai taurin kai. An yi an yi ya daina shan ruwan kogi in yana kan kwalekwale, ya ce ruwan da ya raine shi ba zai kashe shi ba, ɗan gishiri-gishirin nan ai ko miya tana da shi. Ga shi dama yana da hawan jini, ba ya shan magani sai 'yar ƙaninsa ta tsare shi. Wata safiya abokan sana'arsa suka hango kwalekwalensa yana juyawa shi kaɗai a tsakiyar ruwa. Suka tarar da shi kwance a kan taru, bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Manjagara na kan dandamali aka wuce da wan a guje. Ya bi su da takalmi ɗaya a ƙafa. A asibiti ya riƙe hannun da ya mutu yana cewa Yaya, Yaya, tsohon yana kallonsa yana son magana harshe ya ƙi. 'Yar Manjagara ta fito da ubanta baranda ta ce tsohon zai rayu in Allah ya so, amma shi da taru sai dai kallo.

Bayan kwanaki injiniya ta ce za ta bi kogin da jirgi mai inji har bakinsa tana awo, tana son wanda zai riƙe mata sanda. Manjagara ya ce zai je. Matarsa ta ce me zai je yi wurin abin da ya cinye musu gari, ya ce so yake ya gan shi da idonsa.

Suka tashi da sassafe. Gari ya ɓace, gonaki suka ɓace, suka shiga kurmin wasu bishiyoyi masu saiwa a waje kamar suna tsaye a kan yatsu, ƙananan kaguwa na gudu a taɓon ƙarƙashinsu. Ya ga wani ɗan kifi ya fito daga ruwa yana tsalle a kan laka da ƙafafun gaba kamar ƙadangare, ya nuna wa direban jirgin, direban ko kallo bai yi ba. Kogin ya yi ta faɗi, gaɓa tana ja da baya, iska ta canza wari. Can jirgin ya fara hawa yana sauka, suka zagaya wani tsibirin yashi, sai gaɓar ta ƙare.

Manjagara ya miƙe tsaye yana neman ɗaya ƙetaren. Ɗan mai fito ne, a saninsa kowane ruwa yana da tsallake. Ya duba gaba, ya duba dama, babu bishiya, babu tudu, babu hayaƙin wani gari, ruwa ne kawai har ya haɗe da sama, yana tasowa tudu-tudu yana rugugi. Ya waiwaya ya dubi kogin da ya ci ya sha a kansa duk rayuwarsa, ya gan shi ɗan siriri, kamar ruwan da aka zubar daga buta a tsakar gida. Ya tambayi injiniya, wai wannan ɗan abin ne ke tare wancan duk shekarun nan. Ta ce shi ne.

Suna cikin awo wasu manyan halittu masu launin toka suka ɓullo kusa da jirgin, kowanne ya kai tsawon mutum, suka fesar da numfashi da ƙara suka nutse, suka sake ɓullowa a ɗaya gefen. Ya ƙanƙame bakin jirgi. Direban ya ce kada ya ji tsoro, ba sa taɓa mutum, kuma ba kifi ba ne, haihuwa suke yi su shayar da nono kamar shanu. Manjagara ya ga ƙarami manne da gefen uwarsa. Ya zauna a ƙasan jirgin har suka juyo. Da ya isa gida matarsa ta tambaye shi yaya teku, ya ce ta ba shi ruwa tukuna.

An sha wuya kafin damina ta sauka a sama. Ranar da sabon ruwa ya iso, ja wur da laka, ɗauke da kara da kututture da mushen kaza, mutanen gari suka fito bakin kogi suna kallo kamar an yi baƙo. Manjagara ya wuni yana tsefe raga har bayansa ya ƙage, bai yi ƙorafi ba. Cikin 'yan makonni na'urar injiniya ta sauka, aka wanke tankuna aka kunna inji. Amma kifi bai dawo da wuri ba, masunta da yawa sun sayar da kwalekwale sun bar garin, kawa kuwa har yanzu ba a sake ganinta a wannan yashin ba. Bishiyar lemon ba ta farfaɗo ba, aka sare.

Hukuma ta yanke shawarar mayar da bakin bututun can sama da gari, inda gishiri bai kai ba. Aka ce Manjagara ya koma can, ya ce ƙafarsa ba za ta iya zirga-zirgar ba, ya ajiye aiki. Wansa ya fito daga asibiti yana jan ƙafa, magana tana fita da ƙyar. Da yake matar wan ta riga ta rasu, Manjagara ya ɗauko shi ya dawo da shi gidansa, aka gyara masa ɗakin da yara suka bari.

Yanzu gyaran taru suke yi wa sauran masuntan da suka rage. Da safe a shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, wan ya take tarun da ƙafarsa mai lafiya ya ja da hannun hagu, ƙanin ya riƙe allura yana ƙulli. Ƙullin Manjagara bai cika kyau ba, don bai koya da ƙuruciya ba. In ya yi kuskure tsohon yakan buga masa gwiwa da sanda, ya kwance ya sake, matar Manjagara kuma ta leƙo ta taga ta ce su yi a hankali kada su yaga wa mutane kaya.